Zoben 'Yar Gata

Kullum da safe, kafin Dakta ta gama neman makullin mota, Baba zai jefo mata tambaya daga kan kujerarsa ta bakin taga.

"Uwata, yau nawa?"

Ba farashin komai yake tambaya ba. Lambar da ke gaban sunanta yake nufi. Akwai wani shafi a intanet da ke ƙirga duk lokacin da wani masani, ko'ina yake a duniya, ya ambaci aikin ɗan'uwansa masani a cikin rubutunsa. Tun ranar da ta yi gangancin yi wa Baba wannan bayani ta rasa sakat. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin rubutun waya, amma lamba ba ta ɓace masa. In ta faɗi ta yau, shi zai tuna mata ta jiya, ya fitar da abin da aka ƙara, ya gyara zama kamar shi aka ƙara wa girma.

"An ƙara biyu, Baba."

"Madalla. Su wane ne?"

"Wasu ne can nesa."

"Allah ya yi musu albarka."

Ta ce amin ciki-ciki, ta fita. Ta riga ta karanta abin da mutanen biyu suka rubuta tun kafin ta sauko daga gado. Na farko ya ce sun gwada, ba su ga abin da ta ce ta gani ba. Na biyun ya fi shi ladabi, ya ce sakamakon nata yana buƙatar a sake dubawa, wanda a bakin masana duk magana ɗaya ce.

Abin ya samo asali ne daga Baban kansa. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a wani kamfanin rini da ke ƙarshen gari, inda tururin magani ya cinye masa ido a hankali. A bayan kamfanin akwai kwata da ake zubar da ruwan rinin, ruwa shuɗi mai guba wanda ko ciyawa ba ta kusantarsa. Lokacin da 'yarsa ta fara aiki a sashen nazarin ƙwayoyin bakteriya na jami'a, tana neman abin da za ta yi bincike a kai, shi ne ya ce mata, "Ni dai a kwatarmu akwai wani yauƙi da ke manne a bango. Kwaɗo ya faɗa ya mutu, shi kuwa yana nan yana ƙiba. Ki je ki tambaye shi."

Ta je ta kankaro shi a kwalba. A cikinsa ta sami wata ƙwayar bakteriya da ba jure gubar kawai take yi ba, cinye ta take yi. In aka zuba gubar a ɗan farantin gwaji, aka ɗiga ƙwayar a tsakiya, bayan kwana biyu za a ga shuɗin ya washe a kewayenta, fari tas. Ta bi diddigi har ta gano sirrin yana cikin wani ɗan ƙaramin zobe na ƙwayoyin gado da bakteriyar ke ɗauke da shi, daban da sauran gadonta. Kayan aikin da take da su a lokacin rabin rubutun zoben kawai suka iya karantawa. Ta buga abin da ta samu a wata mujalla mai daraja, da hoton farantin, da alkawarin za a kammala sauran.

Maƙalar ta yi tashe. An gayyace ta taro, an sa hotonta a allon sashe. Hukuma ma, da ta ji irin gubar da ke kwarara a bayan gidajen mutane, ta rufe kamfanin. Tsohon farfesan da ya duba aikin tare da ita ya rasu yana alfahari da ita. Ita kuwa ƙwayar, abokan aiki suka raɗa mata suna 'Yar Gata, saboda yadda Dakta ke tarairayarta ya fi ƙarfin a kira shi aiki.

Dole ta tarairaye ta. A inda abubuwa ke tafiya daidai, ƙwaya irin wannan daskarar da ita ake yi a cikin firiza mai tsananin sanyi, ta yi barci shekara da shekaru ba ta canja ba. Firizar sashensu kuwa ta fi kowa a jami'ar yawan hutu. In wuta ta zo, ita ta lalace. In an gyara ta, janareta ya kwanta. Sau biyu Dakta tana tarar da duk abin da ta daskarar ya narke ya mutu. Sai ta koma hanyar da: duk bayan mako biyu ta ƙona 'yar siririyar wayar ƙarfen da take aiki da ita a wutar gas har ta yi ja, ta bari ta huce, ta lakato 'Yar Gata daga tsohon faranti ta shafa a sabo mai sabon abinci. Ba ta taɓa tsallake sauyi ko ɗaya ba. Da yajin aiki ya yi tsawo aka kulle ƙofar sashe, a gida ta ajiye farantan, a saman kabad ɗin kicin. Da aka yi mata tiyata, daga asibiti sashe ta fara biyawa kafin gida.

Da farko tana haɗa abincin da gubar, kamar yadda ya kamata. Amma ruwan gubar daga kamfanin take samowa, kamfanin kuwa an rufe. Da ta ga saura kwalba ɗaya, sai ta adana ta don manyan gwaje-gwaje, ta ci gaba da ba 'Yar Gata abinci mai kyau zalla. Ta gwada, ta ga zoben yana nan bayan wata ɗaya, yana nan bayan wata biyu. Ta ce ai kafin ya je ko'ina an kawo sabuwar firiza. Sai ga karantarwa, ga duban jarrabawa, ga kwamiti kan kwamiti. Shekaru suka shige, firiza ba ta zo ba.

Bakteriya ba ta riƙe kayan da ba ta amfani da su. Zoben nauyi ne a gare ta. A farantin da babu guba, wadda ta yar da shi ta fi saurin hayayyafa, ta danne mai ɗauke da shi. Kowane sauyi Dakta na lakato masu ƙiba, masu kyan gani, tana jefar da sauran a tukunyar ƙonawa. Ita ce ke koyar da wannan darasi ga 'yan aji uku, kuma ta san shi kamar yunwar cikinta.

Ba ta farga ba sai da wasu ɗakunan gwaji na waje suka nemi ta aika musu da ƙwayar. Ta aika da murna, har da ɗan kati na gaisuwa. Suka haɗa gubar da kansu, suka ɗiga 'Yar Gata, ta mutu murus kamar kowace ƙwaya. Suka nemi zoben, babu. Dakta ta buɗe kwalbarta ta ƙarshe ta gwada da hannunta, ta ga abin da suka gani. Daga nan rubuce-rubuce suka fara fitowa, kowanne yana ambatonta don ya ce ba haka ba ne, shafin ƙirga kuma yana ƙara mata ɗaya. Wani ma ya rubuta cewa rabin zoben da ta karanta mai yiwuwa datti ne ya shiga kwalba. Hoto kuwa, kowa na iya ɗaukar hoto.

Yanzu editan mujallar ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Ko ta kawo ƙwaya mai rai da ke yin abin da ta ce, ko a buga wa maƙalar hatimin janyewa.

Da ta isa sashe a ranar da aka ƙara biyun nan, aka ce Shugaban tsangaya na nemanta. Mutum ne mai fara'a, masanin lissafi, wanda ya yarda da lamba fiye da yadda ya yarda da mutane. Ta same shi ya juya mata allon kwamfuta tun kafin ta zauna.

"Dakta, kin gan ki nan? Ke ce kan gaba a duk jami'a. Bana kaɗai kin ninka na bara. Ranar Alhamis za a ba ki lambar yabo, shugaban jami'a da kansa zai miƙa."

"Ranka ya daɗe, ka karanta abin da suke cewa kuwa?"

"Ni ina zan gane yarenku? Ku da ƙwayoyinku."

"Cewa suke yi ban yi daidai ba. Kusan duk na bana haka ne. Ƙaryata ni suke yi."

Ya cire tabarau ya goge. Ta ɗauka maganar ta shige shi.

"To, shafin yana rabawa ne? Wannan yabo, wannan suka?"

"Ba ya rabawa."

"Masu jera jami'o'i bisa daraja suna rabawa?"

"Ba sa rabawa, amma…"

"To kin gani. Ni abin da aka ce in kai shi ne lamba, ga ta kuwa. Da ba ki isa ba, wa zai ɓata lokacinsa ya ƙaryata ki? Akwai mutane a tsangayar nan da suka shekara ashirin suna rubutu, ko zagi ba su samu ba."

"Za a janye maƙalar ƙarshen wata."

"Alhamis ai ba ƙarshen wata ba ce." Ya mayar da tabaransa yana murmushi. "Ki zo da Baba. A sa masa kujera a gaba."

Ta fito tana jin kamar ta yi magana da bango mai kirki. Ba ta ma iya yin fushi da shi ba, don bai faɗi abin da ba haka ba.

Hanya ɗaya ta rage, kuma ta daɗe tana ɗaga ta saboda tsoro. Inda aka samo 'Yar Gata, wataƙila danginta na nan. Ranar Talata da hantsi ta ɗauki kwalabe da safar hannu, ta ce wa Baba za ta kwatar kamfani.

"Ba za ki gane wurin ba," in ji shi, yana laluben sandarsa. "Mu je."

Da gaskiyarsa. Kamfanin ya zama rumbun ajiye siminti, an yi masa sabon fenti. Layin bayan da a da ba a bi sai an toshe hanci, yanzu shaguna ne a jere: mai gyaran waya, mai ɗinki, mai sayar da robobi. Baba ya sa ta tsayar da mota a bakin tsohuwar ƙofar ma'aikata, ya dafa katanga da hannu ɗaya, ya riƙa binta har ya ji wani bututu da aka toshe da siminti.

"Nan ne. Daga nan yake fitowa. Duba ƙasa, a gefen hagu."

Ta duba. An gyare kwatar an shafe ta sumul. Ruwan da ke bi ta ciki ruwan wanki ne na gidaje, har ana ganin ƙasansa. Ciyawa ta fito a tsagar bango, kore shar, wasu 'yan kwaɗi suna tsalle a ciki.

"Yana nan?"

"Akwai ɗan gansakuka."

"Ba gansakuka ba. Yauƙi, mai ruwan toka."

"Bari in kankara dai, Baba."

Tana tsugune tana kankarar bango, mai ɗinkin ta leƙo daga shagonta, ta ƙura mata ido, sannan ta fito da igiyar awo a wuya.

"Baiwar Allah, ba ke ce likitar da ta sa aka rufe wurin nan ba? Na ga hotonki lokacin. Sannu, sannu da ƙoƙari. Da can yarana kullum cikin ƙuraje suke, ƙafa duk ta yi shuɗi. Yanzu kin ga har zama muke yi a waje. An kwashe ƙasar ma gaba ɗaya, motoci suka yi ta jigila, aka zubo sabuwa."

"Gaba ɗaya?"

"Ko cokali ba su bari ba. Aiki suka yi na tsakani da Allah."

Baba ya washe baki. "'Yata ce," ya ce wa matar, yana fuskantar inda ba nan take ba.

Dakta ta yi godiya, ta cika kwalabenta. Ta ɗiba daga bakin bututun, ta ɗiba daga ƙarƙashin gada, ta sa hannu cikin wani rami ta ɗebo laka. Tana yi tana sane da cewa abin da ya faru a farantinta shi ya faru a nan. In ma dangin 'Yar Gata sun tsira daga motocin, su ma sun shekara suna shan ruwa mai daɗi. Ta yi murna da ƙafafun yaran matar, da gaske ta yi, murnar kuma ba ta rage mata komai daga abin da ke cinta ba.

A ɗakin gwaji ta karkata kwalbar gubar, ta tatse abin da ya rage a gindinta. Ya isa faranti shida. Ta shafa samfuran, ta rubuta kwanan wata a bayan kowanne, ta jera su a akwatin ɗumi, ta rufe. Ranar sauyin 'Yar Gata ce kuma, saboda haka ta ƙona wayar ƙarfen ta sauya mata faranti, don hannunta bai san yadda ake fasawa ba.

Alhamis da safe ta biya sashe da kayan bikin a jikinta, ta bar Baba a mota. Ta buɗe akwatin, ɗumin ya bugi fuskarta. Ta ɗaga farantan ɗaya bayan ɗaya tana duba su a hasken taga. Shuɗi ne tun daga baki har baki, santsi, babu ko ɗigo. Na ƙarshen ta daɗe tana juya shi, har ta ga wani ɗan fari, ashe kumfar iska ce. A ƙasan akwatin 'Yar Gata ta cika farantinta ta batse, lafiya lau, ba abin da ya dame ta.

Zauren taron ya cika. An yi jawabai, an yi tafi. Mai gabatarwa ya karanta lambarta da ƙarfi, ya ce a maimaita tafin don bai ji ba. Ya ce masana daga nahiyoyi huɗu ba su da magana sai tata, wanda gaskiya ne. Ta hau, aka miƙa mata wani gilashi mai nauyi da aka zana sunanta a jiki, aka ce ta juyo wajen mai hoto. Daga sama tana hango Baba a layin gaba cikin rigar da ya sa aka goge tun jiya, yana tafi sama da kansa, yana ci gaba bayan kowa ya daina. Shugaban tsangaya ya raɗa mata, "Yi murmushi mana, Dakta." Ta yi.

Da suka koma mota ta ɗora masa gilashin a cinya. Ya bi shi da yatsu, ya shafa rubutun, ya gwada nauyinsa. Ta sa makulli amma ba ta tayar ba. Rana ta gasa kujerun, mutane na ta wucewa suna ɗaga mata hannu.

"Baba, akwai maganar da ban faɗa maka ba."

"Ina ji."

"Mutanen nan da ake ƙarawa kullum, ba yabona suke yi ba. Cewa suke yi abin da na rubuta babu shi."

Yatsunsa suka tsaya a kan gilashin.

"Kamar yaya babu shi?"

Ta yi masa bayani da kalmomin da zai gane. Ta ce ƙwayar tana da wani abu da take cin gubar da shi, da ta daina haɗuwa da gubar sai ta yar. Ta ce na kwatar ma sun yar, ko an kwashe su. Ta ce ƙarshen wata za a buga a jikin aikin cewa kada a dogara da shi, kuma duk wanda ya nemi sunanta abin da zai fara gani ke nan.

"Su waɗanda nake sa wa albarka?"

"Su. Ba mugaye ba ne, Baba. Sun gwada ne ba su gani ba. Ni ma da ni ce su haka zan rubuta."

"Amma ke kin gani."

"Na gani." Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ta faɗi hakan sau da yawa a zuciyarta har ya fara yi mata kama da labarin da aka ba ta. "Na gani, Baba. Shuɗin ya washe a gabana. Farfesa ma ya gani, to ya rasu. Suna son wanda zai tabbatar, ni kuma ba ni da kowa."

Baba ya juyo da fuskarsa wajenta, idanun nan da rini ya dusashe suna neman inda take.

"Ba ki da kowa kamar yaya? Ni fa? Wa ya nuna miki shi? Shekara nawa ina wucewa ta kansa safe da yamma? Har da sanda na taɓa tsokanarsa. Inda yake manne, bangon fari ne, sauran duk shuɗi. Ki rubuta musu ki ce mahaifinki ma ya gani. Ki sa sunana, ki sa shekarun da na yi a wurin. In rantsuwa suke so, a kawo ni in rantse."

Ta buɗe baki za ta ce masa ba haka ake yi ba, sai ta ga yadda ya riga ya miƙe zaune, ya gyara wuyan rigarsa, ya rungume gilashin da hannu ɗaya kamar yanzu za a kira shi ya ba da shaida.

"Kin ji ko, Uwata? Yau ɗin nan ki rubuta."

"To, Baba," ta ce. "Zan rubuta."

Ta tayar da mota. Wayarta da ke cikin jaka ta yi 'yar ƙarar da take yi in an ƙara ɗaya. Baba ya ji, ya san ƙarar sarai, amma bai tambayi nawa ba.